Gonar da Attahiru Ya Ɓoye wa Tauraro

Duk Gidan Katta an san Attahiru da zargi. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya tsaya nazarin abin da kake nema a wurinsa. Gonar albasa ɗaya gare shi, gadon uba, daf da iyakar Nijar, kuma tun yana saurayi yake tsoron wata rana za a sake jan layi a bar masa ita a ƙetare.

Wata rana Fiddausi, ma'aikaciyar wata ƙungiya a Illela, ta zo da 'yar na'ura kamar waya. Ta ce za a haƙa wa manoma rijiyar burtsatse don noman rani, kuma yana cikin waɗanda aka zaɓa. Tsayawa kawai za ta yi a tsakiyar gonarsa, na'urar ta karɓi lambobi biyu daga tauraron ɗan adam, na kudu da arewa da na gabas da yamma. Da su masu haƙa za su gane wurin.

"Ɗiyata, mi yak kai tauraro ga gonata?"

"Baba, kamar adireshi ne."

Attahiru ya gyaɗa kai, amma a ransa ya gama yanke hukunci: masu yankan ƙasa ne suka turo ta. Ya shige gaba da sandarsa, ya wuce gonarsa ko kallonta bai yi ba, ya kai ta gonar Yelwa, maƙwabcin da ba sa ga maciji da juna. Ya ce nan ce. Ta danna, ta yi godiya, ta tafi. Ya koma gida yana jin kansa gwani. In ƙwacewa za a yi, a ƙwace ta Yelwa.

Bayan damina motar haƙa ta iso. Ba su tambayi kowa hanya ba, lambobin suka bi har gonar Yelwa. Attahiru ya biyo su yana haki, yana rantsuwa gonarsa ake nufi. Shugabansu ya tambaye shi wa ya nuna wa yarinyar wurin. Attahiru ya juya ya koma gida.

Yau gonarsa tana nan cikin Najeriya, ba wanda ya taɓa ta, a bushe ƙayau duk rani. Albasar Yelwa kuwa kore shar. Abin da ya fi ci wa Attahiru rai shi ne kirkin Yelwa, don duk safiyar da Attahiru ya zo da jarka, kai a sunkuye, sai Yelwa ya matsa masa gefe.

"Ɗebi abinka, Attahiru. Ai da sunanka anka gina ta."