Tsakanin Ɓoyo da Ƙirgi

Ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Gwiwa, wayata ta yi ƙara. Wani jami'in gwamnati ne, ya ce an ɗauke ni aikin da na daɗe ina nema, in je Babura ranar Litinin. Da na tambayi wane sashe aka tura ni, sai ya juya harshe zuwa Turanci ya ce "Hides and Skins", ya kashe wayar.

Turancina na sakandare ne, bai wuce na cin jarrabawa ba. Kalmar ƙarshen na san fata take nufi. Ta farkon kuwa, abin da aka koya mana a aji shi ne ɓoyewa. Ɓoyo da fata. Na yi ta juya su a raina, ban ga inda suka haɗu ba.

Sai na tafi wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi aikin masinja a Kazaure har ya yi ritaya. Shi ne mai Turancin danginmu. Ya sa na maimaita masa kalmomin, ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Wa ka faɗa wa?"

"Babu kowa, Kawu."

"To kada ka ƙara. Wannan aikin asiri ne. Ba ka ga kusa da iyaka aka tura ka ba?"

"To fatar fa, Kawu?"

Ya shafa gemu. "Fatar jikinka ke nan. Wato ka ɓuya yadda ko fatarka ba za a gane ba."

Kafin magariba ya gaya wa Inna, ita kuma ta roƙi maƙwabta su taya ni da addu'a.

Ranar Litinin na hau motar Babura. Aka yi mini kwatancen ofishin, na tarar da ɗaki ɗaya a bayan mayanka. Ga buhunan gishiri a jingine, ga fatu an baje a inuwa, ƙudaje kuwa ba a magana. Shugaban sashen dattijo ne siriri, ya naɗe hannun riga yana duba wata fatar akuya. Na durƙusa na gaishe shi ƙasa-ƙasa, sai ya tambaye ni ko mura nake yi.

Na ɗauka duk wannan shiri ne don a rufe idon mutane. Ina ta jiran ya ja ni wani ɗaki na ciki, shi kuwa sai ya miƙo mini wuƙa. Ya nuna mini yadda ake kankare ragowar nama, da yadda ake gano inda mahauci ya huda fata wajen fiɗa, da yawan gishirin da ake zubawa. Har la'asar babu ɗakin ciki. Na kasa haƙuri.

"Yallaɓai, wai me ake ɓoyewa a nan?"

Ya dube ni kamar bai ji ba. Da na faɗa masa abin da Kawu ya ce, ya yi dariya har sai da ya zauna a kan buhu.

"Yaro, da wannan warin me za ka iya ɓoyewa? Kalmar farkon ƙirgi take nufi, na saniya ko raƙumi. Ta biyun fata, ta akuya da tunkiya. Fatu da ƙiraga, shi ke nan aikinmu."

"To na ɗan maraƙi fa?"

"Fata ce."

"Yaushe take zama ƙirgi?"

"In ya girma."

"To me ya haɗa ƙirgi da ɓoyewa har suka zama kalma ɗaya?"

Ya ce shi ma bai sani ba, a jikin allon ƙofa ya tarar da kalmar lokacin da ya kama aiki, kuma bai taɓa tambaya ba.

Da na koma gida ƙarshen mako, na bayyana wa Kawu komai. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai.

"Madalla. Haka za ka riƙa faɗa wa kowa."

Na rantse, ya ce rantsuwar ma ta yi kyau. A majalisarmu ta bakin masallaci kuwa, in na iso sai hira ta koma kan damina. Akwai abokina tun na yarinta, ɗan acaɓa da ke kai 'yan kasuwa Nijar, aljihunsa kullum da sefa. Shi ya fi kowa guduna. Na tare shi wata rana na nuna masa tafin hannuna da gishiri ya farfasa, na ce ya shinshina rigata. Ya shinshina, ya ja baya, ya ce, "Lallai ana horar da ku sosai."

Abin ya kai ni kaina na fara shakka. Duk lokacin da wayar shugabana ta yi ƙara ya fita waje, sai in kasa kunne. In ji shi yana ciniki da dillalan fata na Kano, amma in ce a raina wataƙila wannan ma wani zaurance ne. Na taɓa tambayar wata malamar Turanci a Roni, ta ce ko dai kalmomi biyu ne suka zo suka yi kama, ko kuwa don fata tana rufe jikin dabba ne, ba ta da tabbas. Ta ƙara mini wasu kalmomin, ɗaya ta jemammiyar fata, ɗaya ta fata mai gashi irin buzu, da wasu na ɓoyewa. Na fito da ruɗani fiye da wanda na shiga da shi.

Da Babbar Sallah ta zo, na bi gidajen unguwarmu ina nuna wa masu fiɗa yadda za su riƙe wuƙa kada su ɓata fata. Da yamma sai ga abokin nan nawa da fatar ragonsa a leda. Ya zauna a kan babur ɗinsa ina zuba mata gishiri. Muka yi hirar ƙwallo, da tsadar taki, da auren ƙanwarsa. Da na tambaye shi ya hanya, sai ya ce ai ya daɗe bai wuce nan Yankwashi ba, balle ya kai Nijar, ya karɓi fatarsa ya yi mini godiya ya tafi.