Ranar Da Motar Surukina Ta Sha Giya

Wudil zuwa Jos

Ana sallame sallar asuba ranar Talata muka bar Wudil, ni da surukina Alhaji Mamman, za mu Jos ta'aziyyar wani amininsa. Ni ne a kan sitiyari. Wata bakwai ke nan da ya ba ni 'yarsa Hadiza, saboda haka ko ido ba na iya haɗawa da shi, balle dogon zance. "To, Baba" ita ce guzurina har Jos.

Motar tasa Dattijuwa ake ce mata. Baƙa ce doguwa, sitiyarinta a dama, a hannun wani Baturen gona ya saye ta tun kafin mulkin kai. A shekarun nan da kuɗin fetur suka shigo, kowane ɗan kwangila ya ja sabuwa fil, shi kuwa ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon direban babbar mota ne da ya daɗe yana kai shanu Kurmi, ido ne ya fara ba shi matsala shi ya sa ya ba ni tuƙin.

Mun sha koko da ƙosai a Birnin Kudu, muka yi azahar a Ningi, kafin magariba mun shiga Jos. Aka ba mu ɗakin zaure da bargo bibbiyu, amma sanyin garin nan bai san bargo ba.

Jos

Ranar Alhamis da sassafe na fita shan mai. Jama'a, ƙasa mai rijiyoyin mai, a ce babu mai! Duk gidan man da na je layi ne ba iyaka, wai tankokin ba su iso daga Kudu ba. Wani ɗan bumburutu a bayan tasha ya yafito ni.

"Malam, galan nawa?"

"Huɗu. Amma ya na ga kalarsa ta koɗe?"

"Sabon samfuri ne, ɗan jirgi. Mota har gudu take ƙarawa."

Ninki uku ya caje ni, na biya ina ma yi masa godiya. Kaico!

Hanyar Ningi

Ba mu yi nisa da gangarowa daga duwatsu ba Dattijuwa ta fara tari, ta yi fat-fat ta mutu. Na buɗe gabanta, na zare tiyon mai daga jikin kafireta, na sa a baki na zuƙa, kamar yadda kowane direba yake yi idan mai ya ƙi zuwa. Na san ɗanɗanon fetur sarai. Wannan ba shi ba ne. Wani abu ne mai yaji ya cika min baki, na ƙware, har wani ya wuce maƙogwaro, saura ya zube a gaban rigata. Na tofar, na ce a raina lalataccen mai ne. Na mayar da tiyo, ta tashi da ƙyar.

Gab da Ningi akwai shingen 'yan sanda. Wani kurtu ya leƙo ta taga, ya ja hanci, ya ja da baya.

"Direba, da safiyar nan? Ogogoro ka sha ka ɗauko dattijo?"

Na ɗauka wasa yake yi, har na fara murmushi. Ni da ko ƙofar gidan giya ban taɓa takawa ba! Sai Alhaji ya matso kusa da ni ya shinshina. Ya san warin tun zamanin Kurmi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa a hankali.

Kurtun ya ce albarkacin furfura zai bar mu, amma tsoho ne zai ja. Alhaji ya miƙo hannu, na sa masa mukulli.

"Koma baya."

"Baba, wallahi..."

"Kada ka haɗa sunan Allah da wannan bakin. Idan mun isa Wudil ka rubuta wa Hadiza takardarta. Ban haifi 'ya don mashayi ba."

Na koma kujerar baya. Maganar tana bakina, amma ta yaya zan yi musu da suruki? Kuma me zan ce, alhali ni kaina ban san daga ina warin ya fito ba?

Ningi

A nan muka tsaya azahar. Na yi alwala na zo zan tsaya a damansa, ya ɗaga min hannu, ya ce in bari sai na dawo hayyacina. Ya yi sallarsa shi kaɗai. Wannan ta fi ta takardar ciwo. Ya sayi tsire da burodi ya ajiye min a kan kujera ba tare da ya dube ni ba, ni kuwa ko ɗanɗanawa ban yi ba. Hadiza kawai nake gani, da yadda ta rako ni bakin ƙofa tana ce min in taho mata da dankalin Jos.

Dajin Birnin Kudu

Wajen la'asar, a inda babu gida gaba babu baya, Dattijuwa ta sake mutuwa. Na yunƙura zan fita.

"Zauna. Ba ka ƙara taɓa min mota."

Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya zare tiyo, ya yi bisimilla, ya zuƙa da ƙarfi irin na tsofaffin direbobi. Sai gani na yi ya zabura, hula ta faɗi, yana furzarwa yana kakari.

"A'uzubillahi! Giya! Giya ce a cikin motata!"

Ya tsaya yana kallon tiyon, ya dubi gaban rigarsa da ya jiƙe, sannan ya juyo ya dubi tawa.

"Garba, da safe kai ma zuƙa ka yi?"

"E, Baba."

Ya shiga ƙarƙashin motar da sifana ya kwance notin tanki. Abin da ya fara zubowa fari ne tas kamar ruwa, da tsatsa a ciki, sai daga baya fetur ya biyo. Ya ce azzalumin ɗan bumburutun nan da ogogoro ya tsarma man, ta kwanta a ƙasan tanki, ita injin yake ja. Ta kankare tsohuwar tsatsa ta toshe hanya, tiyon kuma ya yi laushi kamar dafaffen hanji. Muka kuskure baki har ruwan butar ya ƙare.

"Na zalunce ka, Garba. Ka yafe min."

Na durƙusa na ce, "Haba Baba," sai hawaye. Ya ce in tayar da iƙama, muka yi la'asar tare a gefen titi, duk muna wari iri ɗaya.

Wudil

Da ɗan man da ya rage muka lallaɓo, ana kiran isha'i muka tsaya a ƙofar gida. Hajiya, surukata, ta kawo ruwa zaure. Tana miƙa wa Alhaji kwanon sha ta tsaya cak.

"Alhaji! Wannan wane irin wari ne? Da girmanka?"

Sai ya juyo gare ni.

"Garba, yi mata bayani."

Ranar na fara yin dogon zance a gidan surukaina, kaina a sunkuye.

Dattijuwa ba ta ƙara doguwar tafiya ba, don robobinta sun lalace, irinsu kuma sun yi wuyar samu. Hadiza ta karɓi dankalinta, ta tambaye ni hanya, na ce lafiya lau. Na gode wa mutanen Jos da suka sauke mu, na gode wa Alhaji da bai ji nauyin neman gafarar yaro ba. Godiya mafi girma ga Allah da ya toshe tiyon nan karo na biyu. Da motar ta kawo mu gida lafiya, da a daren nan na saki matata.