Tukwanen da Muka Tono a Kufai

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, ranar da muka yi tono a kufan garinmu ba za ta fita daga raina ba. Lokacin kuɗin mai sun shigo, gwamnati za ta faɗaɗa hanyar da ta tashi daga Kazaure zuwa Roni. Kafin katafila ta iso, aka turo wani malami daga ofishin kayan tarihi ya duba ko akwai abin mutanen dā a ƙasa. Ina cikin leburorin da aka ɗaukar masa.

Turakun masu awo sun ratsa ta tsakiyar kufan da iyayenmu suka tashi daga cikinsa bayan rijiyarsa ta ƙafe. Tun da muka fara aiki, Innata take zuwa kullum da ƙwaryar fura, ta zauna a kan dutse tana kallon bakin diga. Abokan aiki suka sa ni gaba, wai har yanzu ba a yaye ni ba. Na ce mata, "Inna, don Allah ki riƙa zama a gida." Ta ce, "To." Washegari ta dawo.

Wata hantsi digata ta daki wani abu. Malamin ya karɓi wurin, ya riƙa share ƙasa da hannu har ɓarin tukwane suka bayyana, a kife, an jera su. Ya kai hannu zai ɗaga ɗaya, sai muka ji Inna a kanmu.

"Malam, bar shi. Da mai shi a ciki."

Ya ɗago ya ce, "Iya, na wane ne?"

Ta kawar da kai. "Na wata yarinya ne da ta yi zaman aure a nan. Ko suna ba a yi ba ya koma. A bayan ɗakinta aka sa shi."

Nan take na gane. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a gaban mutane. Ni kuwa Inna tana kiran sunana gatsau, alhali na tashi ina ɗauka ni ne babba. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Malamin ya cire takalmansa, ya durƙusa, ya ce, "Iya, yarinyar nan, me take so a yi?"

Ta ce, "Kada mota ta bi ta kansa. Ranar ba ta yi masa kuka ba, surukanta suna tsakar gida."

Ya tafi wajen injiniya, suka daɗe suna muhawara a rana. Kafin la'asar aka tuge turakun, aka matsar da su gefe. Da muka mayar da ƙasa, Inna ta zauna ta riƙa shafa ta da tafin hannu, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ni da malamin muka juya baya don ta samu ta yi kukanta.

Inna ta riga mu gidan gaskiya, ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma nauyin baki ya hana ni. Abin da na koya shi ne, in ka ga tsoho ya nace wa wani wuri ba ya faɗin dalili, kada ka kore shi. Ka samu wuri kusa da shi ka zauna.