Shekaru goma sha biyar da Sallau ya ajiye

Sallau maƙwabcina ne a Birni, a nan Damagaram, kuma tare aka yi mana kaciya. Na ambaci wannan ne kawai don takardarsa ta ce na girme shi da shekara goma sha biyar.

Abin da ya faru, yana da arba'in ya ji ana neman mai kai takardu a wata ma'aikata, amma saurayi ake so. Ya je da shaidu biyu aka yi masa sabuwar takardar haihuwa, ya dawo gida ɗan ashirin da biyar. Ba wanda ya ce komai. Ƙanensa Kassim ya wayi gari ya girme shi da sha biyu, 'yarsa ta fari Raliya kuma ta zama ya haife ta yana ɗan shekara goma. Sallau ya riƙe aikin da kyau. Kullum ya rina gemu, ya hau kekensa, tumbi na gaba yana biye. Shayinsa kuwa cokali kan yi wuyar juyawa a ciki saboda sukari.

Da korona ta shigo, rediyo ya yi ta faɗin waɗanda ta fi kayarwa in an kwantar da su: tsofaffi, masu ciwon suga, masu hawan jini, masu ƙiba, maza sun fi mata. Sallau ya saurara ya ce, "Allah sarki, Kassim."

Cikin azumi tari ya kama shi, numfashi ya fara gajarta, aka kwantar da shi a asibiti. Ɗakuna biyu ne a wurin. Na kusa da masu jinya akwai na'urar iska, nan ake sa waɗanda ake jin tsoro a kansu. Na can ƙarshe na masu ƙarfi ne, a leƙa su safe da yamma.

Lokotoron, wato likita, wata mata 'yar Mirriya mai haƙuri, ta dubi takarda ta dubi saiwar gemun.

"Baba, shekarunka nawa?"

"Ga shi nan a rubuce. Kuma ki daina ce mini baba."

"Suga fa?"

"Ban taɓa gwadawa ba, ba ni da shi."

Ta gwada, ta samu. Ya ce na'urar ce ta saba da jinin tsofaffi. Gado ɗaya ya rage a ɗakin farko, ga wani dattijo ɗan Tirmini da bai ɓoye sittin da biyunsa ba. Sallau da kansa ya ce a ba wa tsoho. Shi kuma aka kai shi ɗakin ƙarshe.

Ba aikin kaɗai yake karewa ba. Ya gaya wa matarsa Lubabatu a waya cewa cutar nan daga ƙasar masu takardu ta zo, don haka abin da aka rubuta take bi.

Kwana biyu, Lubabatu ta ji yana hutawa a tsakiyar sallama. Ta aika wa lokotoro gaskiyar shekarunsa. Lokotoro ta ce an sallami mutum ɗaya, akwai gado, amma majinyacin ya riƙe ƙarfen gadonsa ya ce ba zai shiga ɗakin da mutuwa ta san hanyarsa ba.

Da la'asar ni da Kassim muka je, da ƙyalle a hanci, aka tsayar da mu nesa da taga. Kassim bai yi gaisuwa ba. Tunda ya yi wayo bai taɓa kiran sunan wansa ba sai ranar.

"Sallau."

Ya ƙara ɗaga murya.

"Sallau, ƙanena, ya jiki? Na duba takardu, ashe kai ya kamata ka riƙa zuwa gaishe ni da safe. Ba komai, in ka fito sai mu fara. Gonar babanmu ta Gouna ma ni zan raba, tunda ni ne babba."

Muka ji gado ya yi ƙara. Kai ya ɓullo a taga, gemun rabi fari rabi baƙi.

"Kai," ya ce, ya tsaya ya nemi iska. "Ni na goya ka."

"Da wane baya? Ba a haife ka ba lokacin."

"Sittin da tara." Ya sake hutawa. "Lokotoro, rubuta. Saba'in ma."

Tana tsaye a bayansa da keken marasa lafiya. Ban ga ta rubuta komai ba.

Kwana goma sha bakwai ya yi a ɗakin farko, huɗu daga ciki ba a ba mu labari mai daɗi ba. Ya fito rigarsa tana yi masa yawa. Maganar ta riga shi isa ma'aikata, suka yi masa godiya, suka karɓi keken aikin.

Kassim na zuwa gaishe shi kowace safiya, ya durƙusa a zaure kamar da. Sallau ya yi wata uku kafin ya amsa.