Husainabad ta Bayan Dutse

Mash Safdar bai taɓa faɗin sunan garinsu ya tsaya a nan ba. In ya ce Husainabad, sai ya ɗaga yatsa ya ƙara da, "ta bayan dutse fa, ba ta bakin kwalta ba." Dole ce ta sa. A gundumar kaɗai Husainabad uku ce, tasu ce ƙarama, kuma ita ce hanyarta ke ɓacewa cikin rafi duk sa'ad da ƙanƙara ta narke. Takin da aka aiko masa ya sha sauka a gonar wani, haka ma likitan dabbobi.

A nan aka haife shi, a nan ya yi kiwon tumaki har gwiwa ta ƙi, ya koma kula da itatuwan rumman da mahaifinsa ya bari. In baƙo ya tambaye shi yawan mutanen garin, gida arba'in yake cewa, ko ido ba ya ƙiftawa. Matarsa Gulbanu, tana zaro gurasa daga tanderu, ba ta ƙyale shi.

"Kai dai ka ji tsoron Allah, tsoho. Ƙofa arba'in dai, talatin da biyar da kwaɗo."

"Masu kwaɗon za su dawo."

"Su dawo su ci me? Gemunka?"

Gaskiyar Gulbanu ce. Gida biyar ne ke tashin hayaƙi, mazan garin uku, duka da sanda suke tafiya.

Ƙaninsa Baratali tun yana saurayi ya tafi birnin Mashhad aikin gini, bai yi aure ba. Duk sallar Nauruz, ta sabuwar shekara, yakan zo ya zauna a gindin rumman ya ce, "Yaya, ko a ina na mutu, a kawo ni nan kusa da Baba." Safdar ya ɗauki alkawari.

Ana cikin tsinkar rumman abokan aikin Baratali suka bugo waya: ya rasu, an yi masa wanka, mota ta taso da shi. Tsofaffin uku suka wuni suna haƙa kabari, suna hutawa. Abin da ke cin Safdar a rai shi ne makara tana son kafaɗa huɗu, su kuwa uku ne. Ya je mararraba ya tsaya har rana ta faɗi, ba mota.

Da safe wani ya iso a babur daga Husainabad ta bakin kwalta, kansa a ƙasa. Ashe an ce wa direba Husainabad, ba a ƙara komai ba. Su ma can suna da nasu Baratalin da ya daɗe a Mashhad. Suka karɓi gawa, suka yi kukansu, suka binne. Sai da aka buga wa ɗan Baratalin nasu waya don ta'aziyya, mamacin da kansa ya ɗauka.

Safdar ya hau bayan babur. Mai garin can ya tarye shi a maƙabarta, hannu a ƙirji.

"Mash Safdar, kunya ta gama kashe mu. In ka ce a tono, yau za a tono."

Safdar ya dubi kabarin. An yayyafa masa ruwan wardi, ƙasar wurin duk sawun ƙafa.

"Mutum nawa suka yi masa salla?"

"Wa ya ƙirga? Sahu har bakin titi. Makara kuwa rububinta aka yi, ni kaina ban samu sa kafaɗa ba."

Alkawarin ya yi wa Safdar nauyi, tausayin ƙaninsa ya fi nauyi. Hawaye ya zubo masa har cikin gemu.

"Ku bar shi," ya ce.

Da ya dawo gida ya ɗauki shebur ya je ya mayar da ƙasa cikin ramin da ke gefen mahaifinsu, shi kaɗai. Gulbanu ta same shi zaune a kai.

"Ranar tawa ki nemi mota," ya ce mata. "In direba ya ce ina, ki ce Husainabad, ki yi shiru."

Gulbanu ta karɓi shebur ɗin ta riƙe masa har gida.