Tayin Mma Sanatu

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga ta Gana mai baƙin tauraro, ni Imoru mai gyaran keke na faɗo daga kan keke a bakin kasuwar Tamale. Ba rami, ba akuya, ba wanda ya taɓa ni, jiri ne ya kwashe ni. Masu doya suna yi mini sannu suna danne dariya. Abin da ya kayar da ƙato kamata 'yar farar ƙwaya ce, wadda Mma Sanatu ta yi mini tayinta da safe.

Mma Sanatu mai koko da ƙosai ce a zongo. Mahaifinta falke ne, sarin goro ya kawo shi ya zauna. A gidansu ba a kai komai baki a gaban mutum sai an ce masa bismillah, ko gyaɗa ɗaya ce sai an fasa ta biyu. Shekara talatin tana kan tukunya ba ta saɓa ba.

Yayarta Adijatu hawan jini ya kwantar da ita, rabin jiki ya shanye. Mma ce ke juya ta, ita ke ba ta abinci a baki. Da ciwon kai ya matsa wa Mma ita ma, sai Andani mai ba da magani a asibiti ya auna ta, ya ce jininta ya hau. Ya ƙunsa mata ƙwayoyin wata guda a takarda, ɗaya kullum da safe.

To da safe kuwa bencinta cike yake. Ta kwance takarda, ta dube mu, hannu ya ƙi zuwa baki. Sai ta miƙo: "Bismillah." Mu kuma wa zai ƙi abin asibiti? Sidiki mahauci biyu ya haɗiye, wai jikinsa babba ne. Kwana shida, saura ƙwaya uku.

Gwiwata da ta ɗaye ce ta kai ni wurin Andani. Ya tambayi abin da na ci, na lissafa masa har da ƙwayar. Ana tashi aiki ya taka keke sai zongo, ni ina ɗingishi a baya.

Andani ya ce, "Mma, maganin nan ba goro ba ne."

"Ɗana, in ci su zuba ido?"

"Ki shiga ɗaki ki sha."

"In ɓuya da abu a baki? Ɓarauniya ce ni? Kuma ai kan ya daina ciwo."

"Kan Mma Adijatu ma ba kullum ya yi ciwo ba. In kika kwanta kusa da ita, wa zai juya ku?"

Mma ta dubi ƙofar ɗakin da yayarta take. Andani ya ba ta sabon ƙunshi, ya ce lallai wani ya riƙa ganin ta haɗiye, don ranar da jiki ya yi daɗi mutum kan manta.

Washegari tun benci bai cika ba ta aika kirana. Ta kwance takarda a gabana, ta jefa ƙwaya a baki, ta kora da koko, ko kallona ba ta yi ba. Shekara uku ke nan haka muke kullum. Andani ya ce jinin ya sauka, Adijatu kuma har yanzu hannun ƙanwarta ke juya ta.

Rannan na ga ya kamata a san matsayina. Na gyara hula na ce, "Mma, duk zongon nan ni kika zaɓa. Kin gane mai amana ke nan, ko kuwa na zama ɗan gida?"

Ta juya ƙosai ta ce, "Imoru, ai a gaban mutane nake jin kunya."