Bakin da Za a Yi Misali da Shi

A tashar motar Tungan Maje wata mata mai kimanin shekara talatin tana zaune kan benci, farar rigar makarantar koyon aikin haƙori tana leƙowa ta ƙasan mayafinta. Littafi ne buɗe a cinyarta, daidai shafin da aka zana haƙoran gaba masu turowa waje, kowane zane da dogon sunansa na Turanci. Tana bin kalmomin da yatsa tana maimaitawa, ɗaya hannun kuwa yana rufe da bakinta. Da gani hannun nan ya daɗe yana wannan aiki, wataƙila tun firamare, lokacin da yara suka laƙaba mata sunan da ba na yanka ba saboda haƙoranta masu turowa waje.

Ƙawarta ta iso tana haki. "Saudatu, kin haddace? Malam ya ce yau da bakinki za a yi wa aji misali, wai ya fi na littafi fitowa."

Ta gyaɗa kai. Ta sauke hannun a hankali, ta fiddo ɗan madubi, ta dubi haƙoranta, ta kira sunansu da Turanci ba kuskure ko ɗaya. Sannan ta mayar da hannun inda ya saba zama.